Yadda Ake Kafa Rukunin Makaɗan Tsirkiya Irin na Kudancin Ƙasar Amurka: Kiɗan Dauri, Bulugiras da Tsohon Bulus

A yankin duwatsun Apalashiya da filayen da ke gindinsu, wato Bajiniya da Karolaina ta Arewa da Kentaki da Tenesi a kudu maso gabashin Amurka, akwai wani irin rukunin makaɗa da ba ruwansa da ganga ko lantarki. Mutum huɗu ne ko biyar, kowa da abin kiɗa mai tsirkiya: gogen Turawa, banjo, jita, mandolin, sai babban goge na tsaye da ake kira bes. Yawancinsu ba su yi suna a duniya ba. Garinsu da garuruwan maƙwabta ne suka san da su, su ake kira wurin rawa da ɗaurin aure da kasuwar manoma. Waɗanda suka fi shiga raina a cikinsu su ne masu iya haɗa salo uku a dare guda: kiɗan dauri na goge da banjo, wanda can ake ce wa ol-taim, da bulugiras (bluegrass), salo mai gudu da ya tsiro daga kiɗan daurin, da tsohon bulus (blues), waƙoƙin baƙaƙen Amurka, na shekarun 1920 da 1930.

Wannan jagora ta masu son kafa irin wannan rukuni ce, ko a can suke zaune ko daga faifai da intanet suke koyo. Kayan kiɗan salon ukun kusan ɗaya ne, kamun tsirkiyarsu ma ba shi da nisa da juna. Inda suka rabu shi ne bugu, da kuma wanda ke riƙe da shi. Rukunin da bai warware wannan ba, komai ƙwarewar 'yan cikinsa, zai riƙa fitar da kiɗa iri ɗaya mai gudu ba ɗanɗano, ya sa masa suna uku.

Mataki na farko: ku zauna ku saurara tare

Kafin kowa ya ɗauki abin kiɗa, ku ware zama uku na saurare kawai, kowa yana nan. Idan kowa ya je ya saurara a ɗakinsa, kowa zai dawo da nasa fahimtar.

A zaman farko ku nemi kiɗan dauri. Eck Robertson ya naɗi kiɗan goge a 1922, Fiddlin' John Carson ya biyo baya a Atlanta a 1923 a kamfanin Okeh, Charlie Poole da North Carolina Ramblers suka fara a 1925, Gid Tanner da Skillet Lickers kuma a 1926. Ku ƙara da Tommy Jarrell na gundumar Surry a Karolaina ta Arewa, wanda aka naɗi kiɗansa a tsufansa, don haka faifansa ya fi fita tas. Ku lura cewa a kiɗan rawa irin na Jarrell ba wanda yake fitowa gaba shi kaɗai. Goge ya ɗauko karin, banjo ya bi shi kafaɗa da kafaɗa, a yi ta maimaitawa har masu rawa su gaji.

A zama na biyu ku saurari Bill Monroe da Blue Grass Boys, musamman abin da suka naɗa wa kamfanin Columbia a 1946 da 1947. Monroe ɗan Rosine ne a Kentaki, an haife shi a 1911, ya shiga shirin rediyon Grand Ole Opry na Nashbil a 1939. Amma salon bai cika ba sai ƙarshen 1945, da Earl Scruggs ya shigo da banjonsa na yatsu uku ya tarar da Lester Flatt a kan jita, ga Chubby Wise a kan goge. Nan za ku ji tsari ya sauya: a yi baiti, a ba mandolin fili, a yi wani baiti, a ba banjo fili. Kiɗa ne na dandamali da rediyo, na mutanen da suka zauna don su saurara.

Zama na uku na bulus ne, amma bulus na rukunin tsirkiya. Mississippi Sheiks, inda Lonnie Chatmon yake goge Walter Vinson yake jita da waƙa, sun fara naɗa a 1930. Memphis Jug Band na Will Shade sun fara a 1927, Gus Cannon da banjonsa da Jug Stompers a 1928, Yank Rachell kuma ya kaɗa mandolin a bayan Sleepy John Estes daga 1929. Mai mandolin ɗinku ya fi kowa buƙatar jin Rachell.

Idan kun gama za ku gane cewa haɗa salon ukun ba sabon ƙirƙira ba ne. Kamfanonin faifai ne a shekarun 1920 suka raba kasuwa gida biyu, faifan baƙaƙe daban, na fararen ƙauye daban, alhali makaɗan sun daɗe suna koyo daga juna. Monroe yana saurayi ya riƙa raka wani baƙin makaɗi, Arnold Shultz, wurin kiɗan rawa, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa daga nan bulus ya shiga hannunsa. Lesley Riddle, shi ma baƙar fata, ya yi yawon tattara waƙoƙi da A.P. Carter, Maybelle Carter kuma ta ɗauki wani abu daga kiɗan jitarsa. Banjo kansa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karibiyan da duma da fata da sanda. Masu bincike suna jera shi da akontin na Jola a Senegal da Gambiya, suna kuma ambatar gurmi a cikin danginsa saboda ginin ya yi kama: ƙwarya, fata, da sandar da ta ratsa ta fito. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi zai ji amon tsohon banjo bai zame masa baƙo ba.

Mataki na biyu: mutane da kaya

Da mutum uku ana iya farawa: goge, banjo, jita. Na huɗu ya zama bes, na biyar mandolin. Kada ku haura biyar a shekarar farko, kuma kada ku sa jita biyu, don ɗaya za ta riƙa shafe ɗayar. A cikin biyar ɗin ana so aƙalla uku su iya buɗe baki su yi waƙa. In aka ba ni zaɓi tsakanin gwanin hannu da ba ya sauraron kowa da matsakaicin makaɗi mai riƙe lokaci, na biyun zan ɗauka ba tare da na yi shawara ba.

Banjo ne ke kawo gardama. Na kiɗan dauri bayansa a buɗe yake, amonsa mai taushi. Na bulugiras yana da murfin katako a baya da zoben ƙarfe mai nauyi a ciki, ƙararsa tana da tsini. In hali ya yi a samu duka biyun. In bai yi ba a sayi mai murfi, a riƙa cusa ɗan ƙyalle ko soso tsakanin fatar da sandar ciki idan za a yi kiɗan dauri, zai kashe ƙarar daidai gwargwado. Jita ta zama mai tsirkiyar ƙarfe da babban ciki. Kowa ya mallaki abin saita tsirkiya, mai jita da mai banjo su sami kapo, wato 'yar matsewar da ake maƙala wa wuyan abin kiɗa don a ɗaga sautinsa gaba ɗaya. Mai goge kada ya rabu da ƙaron shafa wa izga. Katakon waɗannan kaya yana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, don haka mai zaune a ƙasa mai hunturu ya riƙa mayar da su cikin akwati tare da ɗan jiƙaƙƙen soso a gwangwani mai huji, in ba haka ba fuskar jita ta tsage.

Mataki na uku: jita da bes su kafa ƙasa

Ga kalmomi uku da za mu yi ta amfani da su. Gida shi ne sautin da waƙa take zaune a kai, kamar gidan G ko gidan D. Kamu shi ne yadda hannun hagu yake taushe tsirkiyoyi da yawa su ba da sauti guda. Gaɓa kuwa yankin kiɗa ne mai bugu huɗu. Kusan duk abin da za ku kaɗa a wata shidan farko kamu uku ne a kowane gida: a gidan G akwai G da C da D, a gidan D akwai D da G da A, a gidan A akwai A da D da E.

Mai jita zai yi abin da kunne ke ji kamar dum-cak, dum-cak. A bugu na 1 ya kaɗa tsirkiya ɗaya mai kauri, a na 2 ya share sirara, a na 3 ya kaɗa wata mai kaurin, a na 4 ya sake sharewa. A kamun G tsirkiya ta shida ce da ta huɗu, in aka fara ƙirga daga mafi siranta. A kamun D ta huɗu ce a sake, sai ta biyar a sake. A kamun A ta biyar ce, sai ta shida. Sharewar ta zama gajera, kada ta yi ta amo har ta rufe goge. Mai bes zai faɗo a 1 da 3 kaɗai, daidai da masu kaurin jita, ya kuma ɗora hannu ya kashe sautin kafin na gaba ya zo. Tsawon sautin bes yana sauya halin waƙa fiye da yadda mutane suke zato: gajere yana sa ƙafa motsi, dogo yana sa kiɗa kwanciya.

Su biyun nan su riƙa haɗuwa su kaɗai, su kunna manhajar ƙirga bugu a waya, su yi minti goma a kamu biyu ba su ƙara sauri ba. Abu ne mai gundura, amma kada a tsallake shi. Sai sun iya hira da juna hannu yana tafiya sannan a kira saura.

Mataki na huɗu: goge da banjo su zama abu ɗaya

Karin kiɗan dauri yawanci sashe biyu ne, kowanne gaɓa 8, a yi na farko sau biyu, na biyu sau biyu, jimla gaɓa 32, a koma farko. Ku fara da biyu da kowa ya sani a can: Soldier's Joy a gidan D, da Old Joe Clark a gidan A.

Mai banjo zai dunƙule hannun dama kamar ya riƙe wani abu, ya sauko da bayan farcen manuniya ko na yatsan tsakiya a kan tsirkiya, babban yatsa kuma ya sauka a kan gajeriyar tsirkiya ta biyar ya fisge ta yayin da hannu yake tashi. Yatsu ba sa motsi da kansu, hannun ne gaba ɗaya yake faɗuwa daga wuyan hannu. Amon da ake nema dogo ɗaya ne da gajeru biyu: dum, ca-ka, dum, ca-ka. Wanda ya saba da jita zai so ya ɗago tsirkiya sama da yatsa, kuma nan ne wahalar makonnin farko take.

Sai ɗaurin tsirkiya, wanda shi ne ya fi rikita sababbi. Banjo yana da ɗauri na kowane gida. Na G, daga gajeriyar tsirkiya zuwa ta farko, G D G B D ne. In za a shiga gidan A sai a sa kapo a ƙarfe na 2 daga cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan banjo, a ɗaga gajeriyar zuwa A. In za a shiga gidan D sai a mayar da ɗaurin G C G C D, a sa kapo a ƙarfe na 2, gajeriyar kuma ta koma A. Goge ɗaurinsa na asali G D A E ne, amma masu kiɗan dauri sukan ɗaga mai kaurin zuwa A idan suna gidan D, su kuma mayar da shi A E A E idan suna gidan A. Amfanin haka shi ne tsirkiyar da ba a taushe ba tana yi wa ta kusa da ita amshi, sai goge ɗaya ya cika ɗaki. Saboda wannan ɗaure-ɗauren ne za ka ga makaɗa a taron Galax na Bajiniya, wanda ake yi tun 1935, sun shafe awa guda a gida ɗaya ba su fita ba.

A wannan salo bugu yana hannun mai goge, a jan bakansa. Jita da bes raka shi suke yi. Mai banjo ya zauna dab da shi, gwiwa kusa da gwiwa, ya sa ido a wuyan hannunsa. Mandolin ko dai ya bi karin a hankali ko ya huta. Saurin da masu rawa suke so yana tsakanin takun ƙafa 110 zuwa 125 a minti. Babu wanda ake ba fili. Idan za a tsaya, mai goge ya ɗaga ƙafa ɗaya a zagayen ƙarshe, kowa ya gani ya shirya. Akwai kuma kari masu karkata, waɗanda suke da ƙarin bugu ko ragi a tsakiya. Kada mai jita ya miƙar da su don su dace da lissafinsa, shi ne zai haddace karkatar.

Mataki na biyar: bulugiras

Nan mulki ya bar hannun goge. Bes yana 1 da 3, mandolin yana sara a 2 da 4: a kama tsirkiyoyin duka, a share su da ƙarfi, a sassauta hannun hagu nan take don sautin ya mutu ya bar ƙara kamar tafi. Tsakanin dum na bes da saran mandolin ne komai yake gudana. Idan mandolin ya tafi nasa filin, banjo ko goge ya karɓi saran, kada a bar gurbin a buɗe ko na gaɓa ɗaya.

Mai banjo zai sa farcen roba a babban yatsa, na ƙarfe a manuniya da yatsan tsakiya. Sauti takwas yake fitarwa a kowace gaɓa, yana yawan rarraba su uku, uku, biyu, kuma wannan rabon ne yake ba kiɗan Scruggs tsallensa. Karin waƙar yana ɓoye a cikin takwas ɗin, mafi yawa a babban yatsa. Wanda yake jujjuya yatsu da gudu amma ba a jin waƙar a ciki bai iso ba tukuna.

Tsarin waƙa mai sauƙi ne. Wani ya buɗe da karin, mawaƙi ya yi baiti shi kaɗai, murya uku su haɗu a amshi, a ba wani fili, a koma baiti. A murya ukun, jagora yana tsakiya da karin, ɗaya a samansa, ɗaya a ƙasansa. Ku koyi amshin ba kiɗa, a tsaye, kuna fuskantar juna, har numfashinku da yankewar kalmarku su zo ɗaya. Monroe yana son gidaje masu tsayi kamar B, kuma mai jita yana isa can da kapo a ƙarfe na 4 yana kamun G. Amma ku zaɓi gida don muryar mawaƙinku. Babu ladan da ake samu a shaƙe wuya. Abu na ƙarshe: lokacin da ake waƙa, abin kiɗa ɗaya ne kawai zai riƙa cike gurbin da ke tsakanin layuka, saura su sauke hannu.

Mataki na shida: bulus, inda aka fi faɗuwa

Rukunoni da yawa suna tsallake matakan baya lafiya su zo nan su kife, domin suna ɗauka bulus jerin kamu ne kawai. Jerin kam ga shi, a gidan G: gaɓa huɗu a G, biyu a C, biyu a G, biyu a D, biyu a G, jimla 12. Wasu sukan raba biyun D ɗin, ɗaya D ɗaya C. Yaro ma zai haddace wannan a yini ɗaya. Aikin yana wurare uku.

Na farko rabon bugu. A kiɗan dauri da bulugiras, idan aka raba bugu biyu, rabin farko da na biyu kusan tsawonsu ɗaya. A bulus na farkon ya fi tsawo, na biyun gajere ne, kamar tafiyar mai ɗingishi da bai damu da sauri ba. Mai jita ya daina dum-cak mai tsini. Ko dai ya share duka bugu huɗun da nauyi ɗaya, ko babban yatsansa ya riƙa kai da komo a tsirkiyoyi masu kauri yayin da sauran yatsu suke fitar da kari a sirara, irin na Elizabeth Cotten da Etta Baker na Karolaina ta Arewa. Ku rage gudu fiye da yadda ranku yake so, kuma ku lura da zagaye na uku, don nan ne hannun da ya saba da bulugiras yake fara ja gaba.

Na biyu sautukan da ke tsakani. A gidan G, sautin B na bulus ba B ba ne cak, ba kuma wanda ke ƙasa da shi ba ne. Yana rataye a tsakaninsu, ana kuma zamewa a isa gare shi. F kuma yakan shigo a inda kiɗan dauri na gidan G ba ya yawan sa shi. Goge ba shi da ƙarafa a wuya, saboda haka shi ya fi kowa iya wannan. Mai goge ya saurari Lonnie Chatmon ya ji yadda yake jan yatsa a hankali zuwa sauti ba ya dira a kai. Mai mandolin ya koyi karkarwar hannu, wato kai da komo da sauri a tsirkiya guda don sauti ya daɗe, ya haɗa da tsirkiya biyu-biyu irin na Rachell. Mai banjo ya cire faratan ƙarfe ko ya matsa hannunsa kusa da wuya, ya yi kaɗan. A wasu waƙoƙin ma ya ajiye banjon ya ɗauki wani abu, ko da allon wanki ne irin na makaɗan birnin Memfis na Tenesi.

Na uku, kuma mafi girma, a bulus mawaƙi ne mai bugu. Tsofaffin mawaƙan ba sa ƙirga 12. Idan layi ya buƙaci ƙarin numfashi sai su ƙara rabin gaɓa, idan sun gama da wuri su wuce. Sleepy John Estes haka yake, kuma masu raka shi bakinsa suke bi. Ku gwada wannan da gangan: mawaƙi ya ja layi yadda ya ga dama, kowa ya jira shi kafin ya sauya kamu. Kowane layin waƙa kira ne, abin kiɗa ɗaya ya amsa masa a gurbin da ya bari, ya yi shiru kafin layi na gaba ya shigo. Wannan kira da amsa ba baƙon abu ba ne ga kunnen da ya tashi da waƙa mai amshi.

Ku ƙara waƙa ɗaya ko biyu masu zagayen kamu irin na ragtaim, wani tsohon salon kiɗan baƙaƙen Amurka: a gidan C, a tafi A, a koma D, a sauko G, a dawo C. Charlie Poole da makaɗan Memfis duk sun yi amfani da irin wannan zagaye, don haka shi ne gada mafi sauƙi tsakanin kiɗan dauri da bulus.

Mataki na bakwai: kowace waƙa a yanke mata hukunci

Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Kafin ku taɓa sabuwar waƙa, ku amsa tambaya ɗaya da baki: wa ke riƙe da bugu a nan, goge, ko bes da mandolin, ko mawaƙi? Ku rubuta amsar a gefen sunan waƙar. Bayan nan ne ake aro. Waƙar da aka zaunar a bugun bulugiras tana iya ɗaukar zamiyar goge ta bulus. Karin dauri yana iya ɗaukar amshi mai murya uku a tsakiyarsa. Bulus yana iya ɗaukar banjo mai dum, ca-ka, in aka yi shi a sanyaye. Ado ake arowa, bugu kuwa ɗaya ake bari daga farko har ƙarshe.

Akwai waƙar da za ta koya muku wannan da kanta. Sitting on Top of the World ta Mississippi Sheiks ce, ta 1930, a hankali take tafiya da goge da jita. Daga baya Bill Monroe ya ɗauke ta ya mayar da ita bulugiras mai gudu, Doc Watson na Deep Gap a Karolaina ta Arewa kuma ya yi ta da jita shi kaɗai a nasa salon. Ku saurari ukun a jere, ku kaɗa ta ta hanya biyu a atisaye ɗaya, ku naɗa a waya, ku saurara. Za ku ji da kunnenku wacce ta dace da mutanen da kuke da su. Ni dai ina ganin sabon rukuni ya fi ƙaruwa da ta Sheiks, domin a kiɗa mai sanyi babu inda kuskure zai ɓuya.

Kuma kowane rukuni na kirki yana da ƙasar da ya dogara da ita. Carolina Chocolate Drops, wato Rhiannon Giddens da Dom Flemons da Justin Robinson, sun haɗu a 2005 a taron baƙaƙen masu banjo da aka yi a garin Boone na Karolaina ta Arewa, suka riƙa zuwa gidan Joe Thompson a Mebane, tsohon mai goge da aka haifa a 1918, suna koyon karin gidansu daga hannunsa. Lambar yabo ta kiɗa, wato Grammy, da suka ci a 2011 a kan wannan tushe ya tsaya. Ku ma ku zaɓi yanki ɗaya ko makaɗi ɗaya ku nutse a cikinsa, ko Surry ko Memfis ko tsakiyar Misisipi, sauran salon su shigo ta ƙofarsa. Sannan ku karanta kalmomin kowace tsohuwar waƙa kafin ku rera ta. Wasu sun fito ne daga wasannin ƙarni na 19 da fararen fata suke shafa baƙi a fuska suna yi wa baƙaƙe ba'a, kuma akwai baitocin cin mutunci a cikinsu. Ku zubar da baitin, ko ku bar waƙar baki ɗaya. Idan za ku gabatar da waƙa a gaban jama'a, ku faɗi sunan wanda kuka koya daga faifansa.

Mataki na takwas: atisaye da fita gaban jama'a

Atisaye sau ɗaya a mako na awa biyu ya isa, in dai kowa ya yi aikinsa a gida. Ku zauna a da'ira, ku fara da abin da kuka iya, ku ba sabuwar waƙa ɗaya tsakiyar zaman, ku keɓe minti ashirin na murya zalla. Farkon waƙa da ƙarshenta ku maimaita su fiye da tsakiyar, don su ne suke wargajewa a gaban mutane. A kiɗan dauri mai goge yakan ja baka na gaɓa biyu a sauti ɗaya don ya nuna sauri kafin a shiga.

Waƙa 12 zuwa 14 suna cika zama na minti 45. Ku jera su bisa ɗaurin banjo da goge: na gidan G a wuri ɗaya, na A a wuri ɗaya, na D a wuri ɗaya. Duk inda dole a sake ɗauri, ku sa bulus na jita da mandolin da murya a wurin, mai banjo ya ja da baya ya ɗaura a natse. Kada masu gudu uku su biyo juna.

In wurin ƙarami ne ku yi ba na'ura. In ana buƙatar ta, makirufo ɗaya mai ɗaukar sauti daga nesa ya wadatar, kamar yadda ake yi a zamanin Monroe: a tsaya rabin da'ira, mai fili ya matso, ya gama ya ja baya ta gefe guda, na gaba ya shigo ta ɗaya gefen. Banjo ya fi kowa nisa da makirufo, jita ta fi kowa kusa, bes a baya tsakiya inda kowa zai ji shi. Wannan shiga da fita ku yi atisayenta a gida da tsintsiya a tsaye a madadin makirufo, don kan mandolin da bakan goge suna yawan karo a makon farko. Idan wurin rawa aka kira ku, ku tambayi mai kiran rawar, wato wanda yake faɗa wa masu rawa takun da za su yi, tun kafin ranar wane sauri yake so da kuma ko yana karɓar kari masu karkata, domin wasu raye-rayen a kan gaɓa 32 cif aka gina su, ku kuma shirya riƙe kari ɗaya na minti bakwai ko fiye ba tare da gudun ya motsa ba.